Kaset-kaset ɗin Aboabo: kundin aikin daidaita cunkoson rubutu a injin DLT8000

Litinin, 6 ga Janairu

An kawo kayan daga unguwar Aboabo, nan Kumasi, da hantsi: kwali uku, kaset 46 masu ɗauke da rubutu, da wasu 18 da Alhaji mai ɗakin ɗaukar murya ya ce an gama da su, a maimaita rubutu a kansu. Dukkansu DLTtape IV ne, kaset na adana bayanan kwamfuta. A ciki akwai tafsirin azumi na shekaru da dama, da wa'azozi, da hotunan littattafan ajami da aka ɗauka shafi-shafi. Aikin gida biyu ne. Da farko a kwashe komai zuwa diski, daga nan a sake zuba shi a kaset a aika Nima, a Akra, inda za a ajiye kwafi na biyu. Su injin DLT7000 gare su, namu kuwa DLT8000 ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Kaset ɗin iri ɗaya ne, amma rubutu iri uku yake ɗauka, gwargwadon yadda injin ya cunkusa bayanai a jikin zaren. DLT4000 na 1994 yana shimfiɗa layi 128, ya zuba gigabait 20, da gudun megabait 1.5 a daƙiƙa. DLT7000 na 1996 layi 208 yake yi, gigabait 35, megabait 5 a daƙiƙa. DLT8000 na 1999 shi ma layi 208 ne, amma ya ƙara cusawa har 40, megabait 6 a daƙiƙa. Wannan cusawar ita muke kira cunkoso a kundin nan. Namu yana karanta duka ukun, yana kuma rubuta su. Na Nima bai san zubin 40 ba. Saboda haka duk kaset da zai tafi Akra dole ya fita a zubin 35.

Ba a sa ko ɗaya a inji yau ba. Sun fito daga ɗaki mai zafi, hanya kuma ƙurar hunturu ce, sai su kwana a ɗakin aikin tukun, awa 24.

Talata, 7 ga Janairu

Haɗin waya. Katin SCSI, mai haɗa injin da kwamfuta, na LSI20320IE a ramin PCIe, sidi 450, kuɗin Ghana. Bakinsa na waje ƙarami ne, VHDCI, na injin kuma mai fil 68 ne babba, don haka sai waya mai baki biyu daban, sidi 180. Kafin a jona an duba takardar da ke bayan injin a tabbatar irin siginar wayarsa LVD ne, domin akwai DLT8000 mai siginar HVD, kuma ba a haɗa shi da irin wannan katin. Lambar injin a kan layi 5, katin yana 7. Kwamfutar Debian 12 ce.

Umarnin `lsscsi -g` ya nuna QUANTUM DLT8000, da /dev/st0 da /dev/sg2. Amma cikin rabin awa `dmesg` ya cika da saƙon sake tayar da layi. Tamineta, murfin da ke rufe ƙarshen layin SCSI, da ta zo a maƙale a bayan injin ta tsohuwar siginar SE ce, ita ta jawo layin gaba ɗaya zuwa SE, wanda ba ya son waya ta wuce mita 3, tamu kuwa ta wuce. An samo ta LVD a wani shago a Adum, sidi 120. Shiru tun daga nan. Wannan ya shafi cunkoso kai tsaye: duk sanda aka sake tayar da layi, injin yana manta abin da aka faɗa masa ya koma ga ɗabi'arsa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Safiya guda ta tafi a kan abu biyu ƙanana.

`mt -f /dev/nst0 setdensity 0x84`, umarnin zaɓar wa injin cunkoso, ya ƙi, wai bai san umarnin ba. Ashe `mt` iri biyu ne. Wanda ya zo da kwamfutar na GNU ne, daga kunshin cpio, ba shi da setdensity. An sa mt-st da `apt install mt-st`, an duba `mt --version` an ga shi ne ke amsawa. In bai sauya da kansa ba, `update-alternatives --config mt` ke zaɓa.

Na biyu, an buga `setdensity 84` ba tare da 0x ba. Lambobin cunkoso a lissafin sha shida ake rubuta su. 0x84 a ƙidayar yau da kullum 132 ne, 84 tsurarsa kuwa 0x54 ce, lambar da injin bai sani ba. Ko a rubuta 0x84 ko a rubuta 132.

`mt densities` yana jero lambobin duka. Waɗanda suka shafe mu: 0x1a zubin 20, 0x1b zubin 35, 0x41 zubin 40. Akwai kuma na musamman masu haɗa cunkoso da matsi, wato matse bayanai su rage girma, a lamba ɗaya: 0x82 da 0x83 na 20, 0x84 da 0x85 na 35, 0x88 da 0x89 na 40. A kowane biyun, ta farko babu matsi, ta biyu da matsi.

Asabar, 11 ga Janairu

Tantance kaset 46. Kafin kowanne ya shiga, an ture maɓallin kariya har jan-lemon nan ya bayyana a tagarsa, sannan a buɗe ƙofar kaset a duba harshen zaren, madaukinsa na nan a inda ƙugiyar inji za ta kama shi. Hannun injin ba a ɗaga shi sai koriyar fitilar Operate Handle ta kunna. Wanda ya yi gaggawa a nan, zai kwance injin yana lalubar ƙugiya.

Ga kowanne: a loda, a jira fitilar Tape in Use ta tsaya da ƙyaftawa, a buga `mt -f /dev/nst0 status`. Layin da ake nema shi ne mai farawa da Density code, sai na ƙasa ya nuna BOT (zare yana farkonsa), ONLINE da WR_PROT (kariya a kulle). Fitilun gefen hagu na fuskar injin su ma suna nuna zubin: 10.0/15.0, 20.0, 35.0, 40.0. An rubuta lambar da alƙalami a takardar kaset.

Sakamako: 29 a 0x1b, 11 a 0x1a, biyu harshensu ya shige ciki ba a loda su ba, huɗu kuma sun ƙi karantuwa. Wajen karatu ba a saita komai. Abin da ke rubuce a zaren shi injin ke bi, ko da an faɗa masa wata lamba.

Litinin, 13 ga Janairu

Kaset na farko na zubin 35, `tar -tvf /dev/nst0` ya faɗi nan take da Cannot allocate memory. Kwamfuta mai gigabait 16 na ƙwaƙwalwa, wai babu wuri. An zargi cunkoso, an yi ta sauya lamba kusan awa ɗaya a banza. Amsar tana cikin `dmesg` tun farko:

Failed to read 65536 byte block with 10240 byte transfer.

Matsalar girman bulo ce, wato dunƙulen bayanan da ake rubutawa a zare lokaci guda. Wanda ya rubuta kaset ɗin bulo mai bait 65,536 ya yi amfani da shi, tar kuwa in ba a ce masa komai ba 10,240 yake nema, wato 20 sau 512. Direban st, manhajar Linux mai tuƙa injin kaset, ba ya gutsura bulo ya ba ka rabi. In kwanon da ka miƙa bai kai girman bulon ba, wannan saƙon mai ruɗarwa zai ba ka. 65,536 a raba da 512 ya ba da 128, don haka `tar -b 128 -tvf /dev/nst0`, sai jerin fayiloli ya zubo.

Yanzu tsarin kowane kaset shi ne: `mt -f /dev/nst0 setblk 0`, sai `dd if=/dev/nst0 of=/tmp/bulo bs=1M count=1`. Adadin bait da dd ya ce ya kwaso shi ne girman bulon. A mayar da zare farko, a karanta da wannan girman. Na zubin 20 yawancinsu 10,240 ne, na 35 kuma 65,536.

Kullum nst0, ba st0 ba. St0 yana mayar da zare farko da zarar umarni ya ƙare, sai ka tsallake fayil da `fsf 1` ka dawo kana karanta na farkon ba ka sani ba.

Talata 14 zuwa Juma'a 17 ga Janairu

Kwasa kawai. Kaset huɗu zuwa biyar a rana in na 35 ne, cikakkensa kusan awa biyu. Na 20 cikakke yana cin awa uku da minti arba'in. An yi wa kowane fayil lambar tantancewa da `sha256sum`. Fitilar Use Cleaning Tape ta kunna sau ɗaya ranar Alhamis, an sa kaset na wanke kai. Wanki 20 yake yi a rayuwarsa, an ja layi na farko a takardarsa.

Litinin, 20 ga Janairu

Huɗun da suka ƙi. A jikin biyu an rubuta 40/80 da hannu, abin da ya sa aka ɗauka zubin DLT8000 ne. A ƙasan kwali na uku aka tsinci takardar sayen wani injin VS80, ta warware zancen. DLT1 da VS80 su ma DLTtape IV suke ci, su ma 40 suke zubawa, amma zubinsu daban ne, lambarsa 0x40, kuma DLT8000 ba ya karanta shi. Babu saitin da zai gyara wannan. Sai an samu DLT1, VS80, VS160, ko SDLT 220 ko 320. An ware su a leda. An aika saƙo wa masu tsofaffin kayan kwamfuta a Akra su sa ido.

Wannan 0x40 ita ce kuma lambar LTO-1, wani jinsin kaset daban, shi ya sa `mt` ke rubuta sunaye biyu a gabanta.

Talata, 21 ga Janairu

Rubutun farko. Kaset uku daga cikin 18. An loda na farko, `setdensity 0x84`, sai tar da `-b 128`. An gama, an fitar, an sa na biyu, sai na uku. An gwada karanta ukun a nan, lafiya lau, lambobin tantancewa sun dace. An naɗe su a soso an ba motar Akra a tashar Asafo, sidi 50.

Alhamis, 23 ga Janairu

Waya daga Nima bayan azahar: "Malam, na farko ya buɗe, sauran biyun ba sa motsi." Input/output error tun bulo na farko. Sun riga sun ɓata wanki biyu suna zaton kan injinsu ne ya yi datti. An roƙe su su daina, su maido kaset ɗin.

Laifin daga nan ne. `setdensity` na kaset ɗin da ke ciki ne kawai. Da zarar an fitar an sa wani, zancen ya sha ruwa, injin ya koma ga abin da ya saba in za a fara rubutu daga farkon zare: 40 da matsi. Na biyu da na uku sun fita a 0x41. Gwajin da aka yi a nan bai kama ba, domin injin da ya rubuta 40 ai zai karanta 40. Fitilar 40.0 tana kunne tsawon awa huɗu a gaban kowa, babu wanda ya kalla.

Akwai abu uku masu iya yanke hukuncin zubi, kuma ba daidai suke ba. Maɓallin Density Select na fuskar inji shi ne babba. In ba a taɓa shi ba, sai abin da kwamfuta ta faɗa. In ita ma ta yi shiru, sai ɗabi'ar injin. Dukkansu kuma a wuri ɗaya tak suke da ta cewa: lokacin da rubutu zai fara daga farkon zare.

Asara: kuɗin mota zuwa da dawowa, awa huɗu na rubutu, wanki biyu na mutanen Nima.

Asabar, 25 ga Janairu

Maganin mantuwa shi ne a ba direban st lambar ta zama tasa, ya riƙa tuna wa injin da kansa. Na wucin gadi, `mt -f /dev/nst0 defdensity 0x84`, yana nan har a kashe kwamfuta. Na dindindin a /etc/stinit.def:

manufacturer=QUANTUM model="DLT8000" {
can-bsr=1 drive-buffering=1 async-writes=1 read-ahead=1 defs-for-writes=1
mode1 blocksize=0 density=0x84
mode2 blocksize=0 density=0x88
}

`stinit -p` yana duba rubutun ko da kuskure, `stinit -v` yana loda shi. Sunan kamfani da na inji dole su dace da abin da `lsscsi` ya nuna, in ba haka ba stinit zai wuce injin kamar bai gan shi ba. Mode1 shi ne /dev/nst0, mode2 kuma /dev/nst0l. Wanda ya saba da tsarin kwamfuta na Solaris, inda l, m, h da c a ƙarshen /dev/rmt/0 ke zaɓar cunkoso, ya kula: a Linux haruffan l, m da a ba su da wata ma'ana sai wadda ka ba su a wannan fayil.

An zaɓi 0x84 ba 0x85 ba don kayan MP3 da JPEG ne, an riga an matse su. Injin ba zai ƙara matse su ba, wani lokacin ma sai su ɗan kumbura. Ba a sa layin compression ba, tunda lambar ta riga ta faɗi komai. Kada a haɗa 0x85 da compression=0, umarni biyu ne masu cin karo.

Defs-for-writes=1 ba a sa shi a karon farko ba, sai da aka ga abin mamaki: an loda tsohon kaset da aka san na 20 ne, fitilar 20.0 a tsaye, amma direban ya riga ya aika wa injin 0x84 tun buɗewar farko, sai lambar da `status` ke nunawa ta daina zama shaida a kan abin da ke zaren. Da wannan layin, direban yana riƙe lambar har sai rubutu zai fara.

Hanyar tabbatarwa daga yau: bayan rubutu, `mt -f /dev/nst0 offline`, a ciro kaset, a kulle kariya, a mayar, a karanta bulo ɗaya da dd, sannan `status`. In ba 0x1b ba ne, ba ya shiga kwalin Akra. Abin da `status` ya faɗa jim kaɗan bayan `setdensity` ba a ƙirga shi, yana iya zama buƙatar da aka shigar ce kawai yake maimaitawa.

Litinin, 27 ga Janairu

Biyun sun dawo. An maimaita rubutu a kansu daga farko, sun fita 0x1b. Ba a buƙatar goge su da maganaɗisu kafin sauya zubi tsakanin 20, 35 da 40. An ƙara biyu sababbi.

Talata, 28 ga Janairu

No space left on device, a kaset na shida, kafin kayan su ƙare. An haɗa masa 33.5G bisa lissafin `du -h`. Gigabait ɗin da ke jikin kwali na dubu-dubu ne, 35 ɗin nan bait biliyan 35 ne. `du -h` da 1,024 yake ƙirga, a wurinsa wannan 32.6G ne. Ga kuma tsufan zare: duk bulon da injin ya rubuta ya ga bai zauna ba, gaba yake ƙara rubuta shi, wuri na tafiya. An tsayar da iyaka a 31G kowane kaset. 70 ɗin da ake rubutawa kusa da 35 a manta da shi, lissafi ne na in kaya sun matsu ninki biyu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Wannan ta fi cin rai. Kaset na takwas ya fara da safe, awa biyu suka wuce bai kai rabi ba, gudun yana 1.5. Kusan azahar ya tsaya da No space left on device, bai ma kai 19G ba. Stinit na nan daram. Fitilar 20.0 ce a kunne.

An bi ƙaramin shirin da ke tuƙa rubutun layi-layi. Ranar Laraba an ƙara masa `mt -f /dev/nst0 eod` a gaba, da niyyar kada a taka fayil ɗin bayani da ake son sawa a farkon kowane kaset. Kaset na takwas tsoho ne na zubin 20, da ɗan guntun rubutu a farkonsa. Eod ya kai zare ƙarshen wannan guntun, tar ya ɗora daga nan. Ɗori kuwa zubin da ya tarar yake bi. Kaset ɗaya ba ya ɗaukar zubi biyu, don kan injin ma ba zama ɗaya yake yi a cikinsu ba: a zubin 20 layukan a miƙe suke, a na 35 da 40 kan yana karkata. Lambar 0x84 ba ta ma samu damar fita ba.

Gyara: an cire eod. Tsarin yanzu shi ne `rewind`, sai a rubuta fayil ɗin bayanin da kansa a matsayin abu na farko, da dd, ta nst0. Wannan rubutun shi ke kafa zubin 35. Daga nan tar ya biyo baya ba tare da an motsa zare ba. An kuma sa shirin ya tsaya in `status` bai nuna BOT ba kafin rubutun farko.

A cikin 18 ɗin, bakwai tsofaffin zubin 20 ne. Ko da ba a yi wannan kuskuren a na takwas ba, yana jiran mu a gaba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Rabin rana. An maimaita na takwas, awa ɗaya da minti hamsin da ɗoriya, 0x1b.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kaset na goma ya fita 0x41 duk da stinit, duk da rewind. Tabbatarwar ranar 25 ce ta kama shi kafin ya hau mota. Wajen goge ƙurar fuskar injin bayan an loda kaset, tsumma ya danna Density Select. Alamar tana nan ga mai kallo: fitilar Density Override a kunne, fitilar zubin da ke zaren a tsaye, ta zubin da aka zaɓa tana ƙyaftawa har rubutu ya fara. Maɓallin ya fi kwamfuta iko, kuma injin yana riƙe zaɓin har a fitar da kaset ɗin. `mt` ba zai ce maka komai ba.

An manna ɗan murfin kwalba da salatif a kan maɓallin. Ba ado ba ne, amma ya yi aiki. Shi maɓallin kansa ba abin ƙi ba ne: ga wanda kwamfutarsa ba ta iya aika lamba, ita ce hanyarsa, sai dai ya danna a kowane kaset.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kaset biyu. Babu labari.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Dumso, wato ɗaukewar wuta, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsakiyar na goma sha uku. Kwamfuta tana kan UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, injin kaset kuwa a bango aka jona shi, don ramukan UPS ɗin sun cika. Da wuta ta dawo, duk umarnin karatu ko rubutu Input/output error yake bayarwa. Ba lalacewa ba ce. Direban st ya ga an sake tayar da injin, bai san inda zare yake ba, ya ƙi taɓa komai har sai an ba shi `rewind` ko `offline`. Da an yi, ya saki.

Abin da ya riga ya hau zaren ba a dogara da shi ba, babu alamar ƙarshen fayil. An faro daga farko. Injin ya manta komai da ya mutu, amma direban bai manta ba, ya sake aika 0x84, kaset ya fita 0x1b. Da `setdensity` na hannu ne, da an koma gidan jiya. An sa `stinit -v` a layin farko na shirin, don ko kwamfutar ce ta mutu gaba.

An cire firinta daga UPS, injin ya maye gurbinta. Sabon batir na UPS, bolt 12, sidi 320, don tsohon ba ya kai minti biyar da kaya biyu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Nima sun tabbatar da tara na farko: `sha256sum -c` ya wuce a kan duka. Su ma sai da aka tuna musu `-b 128`. An rubuta girman bulo da lambar zubi a takardar kowane kaset, da kuma cikin fayil ɗin bayani.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Biyun da harshensu ya shige. An zaro na ɗaya a hankali da ɗan tsinken roba, madaukin bai yage ba, ya karantu, 0x1a. Na biyun madaukinsa ya tsage. Ba a sa shi a inji ba, don zai iya jan ƙugiyar injin ta kuɓuce. Ya shiga ledar huɗun VS80.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An kwashe 41 cikin 46 zuwa diski biyu. An rubuta 18, duka 0x1b, 14 suna Nima, huɗu suna jiran mota. Kayan sun fi kaset ɗin da ke hannu yawa. Tsofaffin 41 ba za a taka ko ɗaya ba, su ne asali. Ana neman ƙarin DLTtape IV kamar 16, kuma duk wanda aka saya na hannu sai an fara duba zubinsa. Wanda aka taɓa rubuta wa da VS80 a ajiye shi gefe tukun.

Kuɗi zuwa yau: kati 450, waya 180, tamineta 120, batir 320, mota sau biyar 250. Jimla sidi 1,320.

Talata, 18 ga Fabrairu

An yi magana da Alhaji da mutanen Nima. Injinan biyu duk sun haura shekara ashirin, an daina ƙera su, in na Nima ya mutu kwafinsu ya zama kwali. Shawarar da aka bayar ita ce a nemi injin LTO-5 na hannu da katin SAS na haɗa shi da kwamfuta. Kaset ɗaya nasa terabait 1.5 yake ɗauka, kayan Aboabo gaba ɗaya za su shige cikin guda. A can babu zaɓen cunkoso: jinsin kaset ke yanke zubi, LTO-5 yana nuna 0x58, LTO-4 kuma 0x46, injin LTO-5 yana rubuta waɗannan biyun, LTO-3 karantawa kawai. Abu ɗaya da za a gargaɗi kowa a kai: DLTtape IV yana jure gogewa da maganaɗisu, LTO ba ya jurewa, don layukan jagora da aka rubuta masa tun a masana'anta za su tafi tare.

Kafin azumi: aika huɗun da suka rage, karɓar tabbacin Nima a kan taran da ba su riga sun gwada ba, nemo kaset 16, da bin wani VS160 da aka ce an gani a Lapaz, a Akra. In ya tabbata, sai a tambayi irin bakin SCSI ɗinsa kafin a tura ko sisi.